Ku Kai Inna a Duba Jininta

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da mai ɗakinka da yara. Ni ma alhamdu lillahi, sai dai na ɗan dakata da aikin dako.

Ka tuna gyambon da na ce maka takalmin aiki ne ya ci mini ƙafa? Ashe ciwon suga ne. Likita ya ce ya daɗe a jikina, da an duba jinina tun bara da magani ya wadatar. Ya tambaya ko akwai mai shi a gidanmu, na ce babu. Daga baya na tuna yadda Inna ke shan ruwa ba ta ƙoshi, da ramar da muke cewa tsufa ne.

Don Allah ka kai ta asibitin unguwa da safe, kafin ta karya kumallo. Yatsa kawai za a ɗan soka. In ta ce lafiyarta ƙalau, ka ce ni na roƙa. Kai ma ka miƙa naka.

Takalmin sallata da kake so yana nan tafe. Kada ka ji nauyin karɓa, ƙafata ta hagu an yanke ta. Kada Inna ta ji tukuna.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka