Takardar Shaidar Kakanka

Winnipeg, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga jikana Yasuhiro, mai kunnen ƙashi,

Bayan gaisuwa, yaya mutanen Tendo, yaya ƙafar babanka? Har yanzu ba a sami mai jure munsharinka ba? Ni lafiya lau nake a gidan gwaggonka, abinci ne dai ya daina shiga.

Ga abin da na jawo wa kaina. Na sami ƙungiyar masu buga shogi, darar nan tamu ta Japan. Shugabansu Gordon ya tambayi matsayina, ni kuwa don tsokana na miƙa masa takardar shaidar marigayi kakanka, ta gwanayen wasan, mataki na huɗu. Babu mai karanta rubutunmu a cikinsu. Ya rusuna har tabaraunsa ya faɗi, ya ce, "Malama Fusae, ki riƙa yi mana a hankali!" Sai ya sa ni a jerin 'yan wasan ƙasashe, da maki sama da dubu biyu. Ni da kake cinyewa kana hamma!

Wata biyu ina fakewa da ciwon ido don kada in buga, ina dafa musu shayi. Ƙarshen watan gobe alƙalin wasa zai zo daga Japan duba takardun kowa. Zai ga sunan namiji.

Yasu, su kaɗai ke cigiyata a garin nan. Idan suka rufe mini ƙofa, sai zaman taga.

Ka kunna wa kakanka turare, ka ba shi haƙuri. Sannan ka rubuto mini yadda ake cewa "na yi ƙarya" da Turanci. Da manyan baƙaƙe.

Kakarka,
Fusae