Shamuwa a Watan Disamba

Alsahafa, Khartum
Talata, 25 ga Afrilu, 2023

Zuwa ga Baba Jibirin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da 'yarka Husna kuna lafiya. Allah ya tsare ku da duk mutanen Umbadda.

Baba, gobe za mu tafi. An ce motocin da za su kwashe ɗaliban Najeriya zuwa iyakar Masar za su tsaya a ƙofar jami'a da hantsi. Na so in haye Omdurman in yi maka sallama da bakina, amma sau biyu ina fita, masu bindiga na mayar da ni tun kafin in hango gada. Takardar shaidar digirina ma tana kulle a ofis. Na rubuta wannan da ajami kamar yadda ka fi so, zan ɗauki hotonta in tura wayar Husna.

Ban manta da kacicin da ka ɗaura mini a dajin Sunut ba, ranar Juma'ar da gobenta aka fara harbi: "Sarkin kasuwar nama, ba ya saye, ba ya sayarwa, wutsiyarsa almakashi. Gaɓa biyu." Amsa: shirwa. Na gan su ranar 22 ga wata, ƙarfe tara da minti arba'in, guda goma sha bakwai a saman kasuwar Alsahafa. Ban je na duba abin da suke kewayawa ba.

Ina roƙonka kada nisa ya kashe wasan nan da muka shekara uku muna yi. Dokarka tana nan a shafin farko na littafina: mai ɗaurawa ba ya ɗaura sai tsuntsun da idonsa ya gani a makon, mai kwancewa kuma ya kawo suna da rana da wuri. Nguru akwai fadama, zan iya riƙe nawa ɓangaren.

Abu na ƙarshe. Maganin ɗiga maka a ido da Husna ta sayo a watan Maris zai kai tsakiyar Yuni ne kawai, in ana ɗigawa sau biyu a rana. Don Allah a nemi wani tun yanzu.

Ka yafe mini, Baba. Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Halliru

*

Umbadda, Omdurman
Juma'a, 9 ga Yuni

Ya waladi Halliru,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da ka isa gida. Ka gaishe mini da mahaifanka.

Yafiyar me? Wanda yake da uwa a Nguru ba ya zama ya jira harsashi a Alsahafa. Amma shekara talatin da huɗu na yi ina buɗe ƙofofin ruwa a madatsar Jabal Awliya, ban taɓa ganin wanda ake harbi yana ƙirga shirwa har goma sha bakwai ba sai kai.

Mu muna nan. Ruwa sai a kan jaki, kahraba kuwa, wato lantarki, mun manta kamanninta. Husna na so mu tafi Atbara. Na ce mata kakana shekara biyu ya yi yana takowa daga Haɗeja, tafiyar gidan nan shi ya gama ta. Madubin hangena na naɗe shi a leda na binne a gindin darbejiyar tsakar gida, don yanzu in aka kama ka da shi sai a ce ɗan leƙen asiri ne. Ka ga tsohon da ke leƙen asirin kurciya!

Wasa kuma ba zai mutu ba, ya ma ƙara jama'a. Ka san daga cike-gurbin jarida na samo shi, lokacin da muke zaman gadi a madatsa. To, jarida ta daina fitowa. Bayan la'asar Abdullah mai kanti da Hajja Bakhita da wasu maƙwabta sukan taru a rumfata, a dafa jabana, gahawarmu, in akwai, a ji kacici, a ji amsar ɗana masanin tsuntsaye na Najeriya. Hajja Bakhita ba ta taɓa cinka ko ɗaya ba, amma ta fi kowa gardama.

Simbiriya ta iso, wadda ku kuke ce wa shamuwa. Sheƙa huɗu a kan darbejiya. Ba zan ɗaura ta ba, ta yi sauƙi, ko jariri ya san ta. Ga naka: "Malami mai rawani da ke buɗewa kamar mafici, yana ta caka ƙasa kamar ya yar da allura. Gaɓa biyar."

Maganar maganin ido kada ta dame ka, Allah na nan.

Wassalam,
Babanka Jibirin

*

Nguru
Lahadi, 17 ga Disamba, 2023

Zuwa ga Baba Jibirin,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma gaida Husna da 'yan rumfa. Na ga tun watan Agusta ita ke rubuta maka wasiƙa. Na gode mata, rubutunta ya fi karantuwa.

Baba, kwana biyu ina juya wannan magana kafin in rubuta. Kacicin shekaranjiya ya ce: "Baƙuwa mai baƙar alkyabba da farin zane, ba ta sallama, ba a korar ta, manomi ya gan ta ya ɗauko fartanya. Gaɓa uku." Wannan shamuwa ce, ba shakka. To, amma ba zan iya karɓar kacicin ba.

Na duba littafina. A shekara uku da na yi ina rubutawa a Khartum, ranar ƙarshe da na ga shamuwa ita ce 19 ga Oktoba, 11 ga Oktoba, da 23 ga Oktoba. Kai da kanka ka faɗa mini a madatsa ba ka taɓa ganin ta wuce makon farko na Nuwamba ba. Yanzu tana can kudancin Afirka. Ba zai yiwu a gan ta a Umbadda ranar 15 ga Disamba ba.

Wataƙila don babu madubi ne ka hangi wani abu daga nesa, ko hankaka, tun da shi ma baƙi ne da fari. Ko kuwa gwada ni kake yi. In gwaji ne, to ka ga ban faɗi ba. Ko ma mene ne, doka ta ce abin da ido ya gani a makon, kuma kai ka koya mini cewa littafin da ya karɓi ƙarya ɗaya ya ɓata sauran shafukansa. Saboda haka na bar gurbin wannan makon babu komai, ina jiran wani kacicin.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Halliru

*

Umbadda
5 ga Janairu, 2024

Ustaz Halliru,

Salam. Ni ce Husna, ba da yawun Baba nake rubutawa ba, bai ma sani ba. Ka yi haƙuri da Hausata, ta cikin gida ce.

Lissafinka daidai ne. Kullum daidai ne, ma sha Allah. Maganin ido ma ya ƙare a tsakiyar Yuni kamar yadda ka ce. Na taka har Sabirin da ƙafa, kantin magani shida, wasu a fashe, wasu babu. A watan Agusta ido ɗaya ya tafi, ɗayan ya bi shi kafin a fita Satumba. Baba ba ya gani, Halliru. Wata huɗu ke nan. Ya hana ni faɗa maka. Ya ce, "Yaron nan in ya ji, zai ce laifinsa ne, ya daina cin abinci."

Kacicin da kake ta kwancewa, da kunne yake samo su. Yakan zauna a kan angarib, gadonsa na igiya, da safe ya karkata kai, ya ce, "Rubuta, ya bitti." A makon 15 ga Disamba kuwa an yi ta luguden wuta kwana biyar, ko kurciya ba ta yi kuka ba. Juma'a ta zo ba shi da komai, mutane kuma sun taru. Sai ya ɗaga fuska wajen darbejiya ya ɗaura wannan. Simbiriya ce abu na ƙarshe da ya gani kafin duhun. A wurinsa tana nan a kan reshe, bai ga tashinta ba.

Ni ma da laifina. Wasiƙarka ta shigo mutane na zaune, na fara karantawa da ƙarfi ban duba ba. Da na kai wurin hankaka na tsaya. Ya ce, "Ƙarasa." Na ƙarasa har ƙarya ɗayan da ke ɓata littafi. Hajja Bakhita ta ce, "Ya zol, wannan ɗan naka alƙali ne ko ɗa?" Baba ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Halas, wasa ya ƙare." Ya lallubi sandarsa ya shige ɗaki.

Juma'a uku ke nan bai fito rumfa ba. Ba harbi nake tsoro yanzu ba, shirun nan nasa nake tsoro. Ban rubuto don in zage ka ba, ko da yake na so. Ka san abin da za ka ce masa.

Husna Jibirin

*

Nguru
Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Zuwa ga Baba Jibirin,

Assalamu alaikum. Husna, don Allah ki karanta masa wannan ku biyu kawai.

Baba, na ji. Kada ka yi wa Husna faɗa.

Na ɗauko kacicinka tun daga Agusta na jera su. Goma sha bakwai ne kafin na shamuwa. Kurciya sau huɗu, hasbiya sau uku, shirwa, hankaka, tsattsewa, da sauransu. "Tana nishi a kan soro kamar mai ɗauke da buhu." "Yana fito a sama ba shi da leɓe." A cikin goma sha huɗu na ƙarshe babu launi ko ɗaya. Babu baƙi, babu ja, babu fari. Ni da na ƙirga ɗigon magani tun Afrilu, wata huɗu abin yana gabana a rubuce ban gani ba. Ranar tashin tsuntsu kawai na gani.

Na ce maka ka kasa bambanta shamuwa da hankaka, a gaban mutanenka. Kai da ka nuna mini zalɓe na farko a rayuwata da sunansa. Ban san da wane baki zan nemi gafara ba, amma ina nema.

Ina da shawara, in ka yarda. A gyara doka, a ce abin da ido ya gani ko kunne ya ji. Na san wannan ma ba zai shigar da shamuwa ba, tun da ita kusan ba ta da murya, amma zai shigar da saura. Gurbin 15 ga Disamba kuma na cike shi da hannuna.

Ina jiran ko kalma ɗaya.

Ɗanka,
Halliru

*

Nguru
Laraba, 20 ga Maris, 2024

Zuwa ga Baba Jibirin,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Wannan ce wasiƙa ta goma sha ɗaya tun Janairu. Na san layukan waya sun ɗauke a wurinku tun farkon Fabrairu, don haka nakan ce wa kaina ba a gani ba ne. Amma huɗun farko sun shiga, an kuma buɗe su. Na duba.

Ban san ko kuna Umbadda ba, ban san ko kuna da abin buɗa baki ba. Kowace safiya ina bin sunayen unguwanni a labarai.

Jiya na je fadama. Kirinjijiya sun fi ɗari uku, ban ƙirga sosai ba. Na rufe ido na tsaya minti goma ina saurare, in ji yadda abin yake. Na gane uku kacal. Kai ka yi wata huɗu kana ciyar da rumfa guda da kunne.

Mahaifiyata ta ce in bar tsoho ya huce, wai ba a cire ƙaya da gaggawa. Ina ƙoƙari. In ba za ka sake ɗaura mini ba, na karɓa, ni na jawo. Roƙona dai Husna ta rubuto mini cewa kana fitowa rana.

Ɗanka,
Halliru

*

Umbadda
Juma'a, 31 ga Mayu

Ya waladi,

Wa alaikumus salam. Muna raye. Husna ta samu inda ake kama layi a kasuwa, ta karanta mini duka, har da na rufe ido a fadama. Uku! Abin kunya.

Doka ba za a taɓa ta ba. Gurbin Disamba ka goge abin da ka cike, ban gan ta a makon ba. Ni na gama ɗaurawa. Daga yau kai ne mai ido, kai za ka ɗaura, mu mu kwance a rumfa. Hajja Bakhita ta ce a gaya wa alƙali kada ya tsananta.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Simbiriya sun dawo shekaranjiya, na ji fukafukansu a kan darbejiya. Na zauna in kalle su a cikin kaina, sai na tarar fuskar ta goge. Alkyabbar na nan, farin cikin na nan, amma fatar da ke gefen ido, shuɗiya ce ko ja? Ƙafafun fa? Husna ta ce shuɗiya, da na matsa mata ta ce ko ja. Daga ƙasa ba ta gani, madubi kuma ba ya tonuwa yanzu.

Ka je ka samu ɗaya ka dube ta da kyau, ka rubuto mini daga baki har farce. Kada ka rage, kada ka ƙara don ka faranta mini. Ba ni da wanda zan tambaya in yarda sai kai.

Ka yi sauri, ya waladi, kafin sauran ma su goge.

Wassalam,
Babanka Jibirin