Marfi Mai Lamba Sha Bakwai

Litinin, 6 ga Oktoba

Na gaji da hannuwa biyar ɗin nan. Yara talatin ne a ajina, 'yan aji biyu, amma duk tambayar da na yi, mutum biyar ne ke ɗaga hannu, sauran su zuba mini ido kamar mai tallar magani. Yau na zo da gwangwanin madara da marafan kwalba talatin, kowane marfi na rubuta masa lambar rajistar yaro ɗaya da baƙin alƙalamin maka. A girgiza, a zaro, wanda lambarsa ta fito ya amsa, a mayar da marfin ciki. Na ce musu ga darasin yiwuwa nan tun kafin mu iso kansa: kowa ɗaya cikin talatin, babu ɗan lele. Har na ji ina burge kaina.

Laraba, 8 ga Oktoba

Sha bakwai ta fito. Yarinyar bakin taga, mai i'ina. Tambayar ba wani abu ba ce, wace sanda ce ta fi tsawo a zanen da ke allo. Ta miƙe, ta kama kalmar farko, ta kasa wuce ta. Na baya suka fara ƙunshe dariya, na daka musu tsawa, tsawar kuma ita ta fi rikita yarinyar. Ƙarshe ni na ƙarasa mata amsar na ce ta zauna. Misali biyu na bari ban yi ba, ga shi dama manhaja ta yi mana nisa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na cire marfinta kafin su shigo. Yana cikin durowata, ƙarƙashin rajista. Tausayi ne. Wa zai so a riƙa yi wa 'yarsa dariya?

Litinin, 13 ga Oktoba

Dabara ta zo mini. Maimakon mu yi zanen sanduna da alƙaluman littafi, masu maganar motocin wata ƙasa da ba mu sani ba, mu tara namu. Kullum sau shida muke zarowa. Na ɗora wa monita aikin, wadda suke kira Lauya saboda ba a gama magana da ita. Duk lambar da ta fito za ta ja mata ɗan layi a bayan littafinta. Bayan mako biyar mu zana.

Talata, 28 ga Oktoba

Aji na tafiya sumul. Mun kamo manhaja.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Zarowa ɗari da hamsin. Muka manna kwali a bango, Lauya riƙe da rula, ana karanto mata. Lamba ɗaya sau biyar, biyu sau bakwai, uku sau huɗu. Ana ta shewa, mai sau tara yana cewa gwangwanin ya tsane shi. Ina tsaye ina murmushi har rula ta iso sha bakwai, mai karantowa ya ce babu.

Wallahi na manta. Mako biyar ban tuna da marfin nan ko sau ɗaya ba. Kwali ya cika da sanduna, dogo da gajere, sai wuri ɗaya fayau kamar giɓi a baki. Ba suna a jiki, amma wa bai san lambar kowa ba? Duk suka juya taga.

Lauya ta ce, Malam, kowa ya fito aƙalla sau biyu, ya aka yi mutum ɗaya ko sau ɗaya? Na gyara murya na ce yana yiwuwa, gwangwani ba shi da ido, ba ya tuna wanda ya fito jiya. Kowace kalma gaskiya ce, da ita na lulluɓe ƙaryata. Ta ce to a zazzage a ƙirga mana. Ƙararrawa ce ta cece ni, na ce gobe.

A ofishin malamai na buga lissafin. Bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Yarinya 'yar shekara sha uku ta gano da ido abin da sai da na danna na'ura.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na yi sammako na mayar da marfin cikin gwangwani. Muka zazzage a kan tebur, Lauya ta ƙirga, talatin cif. Ta ce, Malam, ka yi haƙuri. Ni kuma na ce ba komai, haka ake son ɗalibi ya yi bincike. Allah ya yafe mini wannan bakin.

Da ana kwashewa, yarinyar bakin taga tana cikin masu taya su. Ta ɗauki nata. Sauran marafan duk hannu ya cinye tawadarsu, wasu da ƙyar ake karanta lambar. Nata baƙi ƙirin, kamar yau na rubuta. Ta juya shi, ta kalli wanda ke ɗaya hannunta, sannan ta kalle ni. Ta jefa cikin gwangwani ta koma wurinta. Har aka tashi ban sake duban taga ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Ba ta zo ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Yau ma. Na yi wa yara faɗa a kan rular da ta ɓata, faɗan da ya fi ƙarfin rula.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Mahaifiyarta ta zo lokacin hutun tara. Mai ɗinki ce, har da guntun zare maƙale a hannun rigarta. So take a mayar da yarinyar ɗaya ajin, in ba zai yiwu ba ta nema mata wata makaranta. Ta ce kwana uku tana lallashi, yarinyar ta ƙi faɗin dalili, ba wannan ajin kawai take cewa.

Abin da ya ɗaure mata kai, in ji ta, shi ne yadda yarinyar ke son darasin. Tun da aka kawo gwangwanin nan, kullum in ta dawo sai ta tsaya gaban madubin da masu gwada kaya ke dubawa, ta yi wa kanta tambaya ta amsa, ta maimaita har kalmar ta fita sumul, wai ko gobe lambarta za ta fito. Mako shida tana haka. Uwar har godiya ta yi mini, ta ce ba malamin da ya taɓa sa ta cikin lissafi sai ni.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na roƙe ta ta kawo ta ranar Litinin, rana ɗaya tak, in ba ta so bayan nan ni da kaina zan cike takardar canjin aji. Dalilin dai ban iya faɗa mata ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Na ba matata labari tana shanya. Na yi ta nanata cewa tausayi ne. Ta matse riga ta ce, "Malam, tausayinta ka ji, ko tausayin darasinka?" Na hau faɗa, na ce me ta sani game da aji. Ta ce ba ta san aji ba, amma shekara sha ɗaya ba ta taɓa kai ƙarshen zance ba tare da na ƙarasa mata ba.

Na fita na bar mata gidan. Na duba abin da na rubuta ranar takwas ga wancan watan. Misali biyu, manhaja. Da hannuna na rubuta.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Ta zo, uwar ta rako ta har bakin ƙofa.

Na tsaya gaban kwalin na faɗa musu. Na ce ni na cire marfin, ni na mayar da shi ranar ƙirga, zanen bai yi ƙarya ba, malaminsu ne ya yi. Na ba Lauya haƙuri a kan haƙurin da ta ba ni. Na miƙa mata gwangwanin na ce daga yau ita ke zarowa, a wurinta zai riƙa kwana.

Da aka fita tara na tsayar da yarinyar. Na fara wani dogon bayani, ta ɗaga kai. Ta daɗe a kan harafin farko. Na san kalmar, tana kan harshena, na cije.

"Malam, k… k… kar ka riƙa ƙarasa mini."

Shi ke nan abin da ta ce. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce za ta zauna ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Tana zuwa, amma jakarta a kan cinya take ajiyewa kamar mai jiran mota. Uwar ta aiko tana tambayar takardar, na ce a ƙara mini mako. Zarowa ashirin da huɗu, sha bakwai shiru. Ni da na ce gwangwani ba shi da ido, yau ga ni ina yi masa addu'a a zuci.

Talata, 2 ga Disamba

Ta fito, zarowa ta huɗu. Lauya ta karanta lambar a hankali.

Tambayar tana allo tun kafin a zaro: jaka mai ƙwallo uku ja, biyar fari, mece ce yiwuwar a ɗauko ja? Ta ajiye jakarta a ƙasa ta miƙe. Ta daɗe. Wani a baya ya motsa, na kusa da shi ya zungure shi. Ni na riƙe alli har ya karye a hannuna.

Ta ce uku cikin biyar.

Ba daidai ba ne. Raina ya ce in ce ta yi ƙoƙari, in sa a tafa mata. Na haɗiye. Na ce, "Kuskure. Ƙwallo nawa ne duka a jakar? Sake dubawa, ba za ki zauna ba sai kin gyara." Da muryar da nake yi wa kowa, har da ɗan tsakin.

Ta kalli allo, ta ƙirga da yatsa, ta dafe goshi ta yi dariya. Ban taɓa jin dariyarta ba. Takwas ɗin ma sai da ta ɗauki lokacinta.

Zarowa biyu ba mu yi ba, aikin gida ma ban bayar ba. A yi gobe. Takardar canjin aji tana durowa, ba wanda ya tambaye ta yau.