A Maido da Zaman Laraba na Masu Ciwon Suga

Zuwa ga Babban Likita,
Shugaban asibitin da nake karɓar magani a cikin garin Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina roƙon ka yi haƙuri da rubutuna. Sunana Garba, sana'ata sayar da hatsi, ina zaune a Minanata. Sai da na haura shekara hamsin na shiga ajin yamma na manya na koyi boko, saboda haka abin da ya same ni kawai zan faɗa, yadda ya same ni. Na sa wasiƙar a fili ne domin maganar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Cikin farin ciki nake rubutu. An haifa wa ɗana Bello ɗa namiji, jikana na fari, kuma ranar Juma'ar da ta wuce aka raɗa masa sunana. Na ɗauke shi, na ga fuskarsa tas, har gashin girarsa da bai gama fitowa ba. Da a bazarar da ta wuce aka miƙo mini shi, da dishi-dishi zan gan shi. Bayan Allah, asibitinka nake gode wa. Amma ina da koke guda: an dakatar da zaman bayani na ranar Laraba wanda ya cece ni, ga shi kuma kakan yaron nan na wajen uwa, Malam Umaru na Dundaye, ya kamu da irin ciwona, akwai gyambo a ƙafarsa, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani.

1. Ciwon ya fara mini da ƙishirwa. Na ɗora wa zafin Sakkwato laifi, don wa zai yi mamakin mutum ya sha ruwa da yawa a bazara? Sai alwala ta daina tsaya mini, tsakanin Azahar da La'asar sai in zagaya sau uku. Na rame, wandona ya yi mini yawa. Duk ban damu ba sai ranar da na buɗe littafina na ga haruffan da na sha wahala kafin in san su sun haɗe da juna. Wannan ne ya kawo ni wurinku. Aka soki yatsana, na'ura ta nuna goma sha shida. Likitan, matashi mai ladabi, ya ce ciwon suga ne, ya rubuta mini magani, ya ce in bar suga, in riƙa dawowa gwaji da safe kafin in ci komai. Ban ga laifinsa ba. Layin da ke bayana ya kai bakin ƙofa.

2. Na koma gida na yi kuskure biyu. Na farko, na bar suga kamar yadda aka ce, na koma zuma. Tun muna yara mun san zuma magani ce, sai na ga ai na sami mafita. Ina zuba ta a fura, a koko, a shayi, har ina lasa da cokali don neman waraka.

Na biyu ya fi ba ni kunya. A kasuwar hatsi akwai masu shirya buhu, su sa tsaba mai kyau a baki, ta ƙasa kuwa sai wanda ya saya ya kai gida zai gani. Ban taɓa yi wa mai saye haka ba, amma na yi wa likita. Wani dattijo a layi ya koya mini cewa in ranar gwaji ta matso, in yi kwana biyu ba na cin komai sai ruwa da ɗan zogale. Na bi shawararsa, ina kuma haɗiyar maganina. Lamba ta riƙa fitowa shida, bakwai. Likita ya yaba mini, ni kuma ina fita in nufi mai fura da kwalbar zumata a aljihu. Idona bai washe ba, amma takarda tana cewa na warke.

A karo na huɗu, ina shiga harabar asibiti jikina ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙa mini riga, na zube a kan bencin da ke ƙarƙashin dogon yaro.

3. A nan Malama Hajaru ta same ni, ma'aikaciyar jinya da ke kula da masu ciwon suga a lokacin. Ta soki yatsana, ta ga suga ya faɗi ƙasa da huɗu, nan take ta sa na sha abu mai zaƙi. Da na dawo hayyacina ta tambaye ni abin da na ci jiya da shekaranjiya. Na fara kame-kame. Ta yi dariya, ta kira ni Baba, ta ce ni ne na uku da dabarar yunwar nan ta kayar a watan, kuma likita ba mai saye ba ne da za a yi masa kwalliyar kaya. Ta ce yunwa a kan wannan maganin tana iya kayar da mutum ya tafi ke nan.

Ta tambayi sana'ata, sannan ta tambaye ni yadda nake sanin abin da ke tsakiyar buhu. Na ce akwai ƙarfe mai rami da muke sokawa ta gefe, ya fito da tsabar ciki. Ta ce to su ma suna da nasu. Ta kai ni wurin likita aka rubuta mini gwajin da ke nuna yadda suga ya zauna a jini wata uku da suka wuce. Ya fito goma sha ɗaya. Ta ce ga irina ana son ya sauko kusa da bakwai.

Daga ranar na zama ɗan zaman Laraba. Rabin awa ne kawai a ƙarƙashin dogon yaron nan, kafin likita ya fara ganin mutane. Maza a benci, mata a tabarma, ita tana tsaye da takardar ɗaya daga cikinmu, in ya yarda, tana karanta mana da Hausa. A nan na gane cewa gwajin safe labarin ranar kawai yake bayarwa. Na gane me ya sa ake duba ƙoda ko da mutum ba ya jin ciwon komai, da me ya sa ake auna kitsen jini, da me ya sa ake tura mu wurin likitan ido. Maganar zuma kuwa, ba ta raina abin da muka taso da shi ba. Ta ce ba ta musun alherin zuma, amma a jinin mai ciwon suga tana ɗaga lamba kamar yadda suga ke yi, kuma duk mai shakka ya sha ya zo a soki yatsarsa ya gani. Wani mahauci ya gwada. Bai ƙara gardama ba.

Ba ta raba ni da abincin gidana ba. Ta ce tuwo kada ya wuce girman dunƙulen hannuna, a yawaita miyar ganye, fura a rage ta ƙwarai kuma ba zaƙi. Ta ce in bar masallacin ƙofar gida wani lokaci in taka zuwa na nesa. Ta ce in duba tafin ƙafata da tsakanin yatsu kullum in na zo alwala. Gwajina na wata uku na baya-bayan nan ya fito bakwai da ɗoriya. Ranka ya daɗe, kana da ma'aikaciya. Ban san ko an taɓa faɗa maka ba.

4. Mako shida ke nan da na zo ranar Laraba na tarar ba benci, ba tabarma. Aka ce mini an ga zaman yana jinkirta layi, kuma an mai da Malama Hajaru wani sashe saboda ƙarancin ma'aikata. Ba na musun ƙarancin, ina ganin yadda suke gudu. Amma yanzu sakamako ta taga ake miƙo shi a naɗe, da gajerun haruffan Turanci waɗanda ni ma da na yi aji ba na gane su. Takardar abinci da ake haɗawa da shi ba ta ambaci fura ba, ba ta ambaci tuwon gero ko masa ko dabino ko zuma ba. Wasu abubuwan da ke ciki ban taɓa ganinsu a kasuwa ba.

5. Malam Umaru manomi ne. Shekara talatin ina sayen geronsa kafin ɗana ya auri ɗiyarsa. Da yake haihuwar fari ce, a gidansa ta haihu, a can Dundaye aka yi suna. Na same shi zaune a zaure, ya rame, ƙafarsa ta hagu ɗaure da tsumma. Ya ce fartanya ce ta yanke shi a fadama wata guda da ya wuce, ciwon ya ƙi kamewa. Aka kawo fura, na ga ya jawo gora ya tsiyaya zuma. Ya zaro takardar asibitinku daga aljihu ya nuna mini da alfahari, ya ce lambarsa ta yi kyau, domin a layi an koya masa dabarar kwana biyu.

Na ja shi gefe na faɗa masa duk abin da na sani. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya kira mutanen zaure su zo su ga mai hatsi ya zama likita, ya ce bokon tsufa ne ke ɗibata, in tsaya ga mudu. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, don ranar farin ciki ce. Amma da ya kwance tsumman zai yi alwala na ga wurin, kuma Malama Hajaru ta sha faɗa mana inda irin wannan gyambon ke kai mutum. Na roƙe shi mu zo washegari, ya ƙi. Da kyar ya yarda da Laraba mai zuwa, ranar da ke rubuce a katinsa, ya ce albarkacin jikanmu. Ba zai ji maganata ba. Maganar mai farar riga zai ji, in ta yi masa ita da Hausa, ta kuma san abin da ake ci a Dundaye.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. A maido da zaman Laraba, ko da na minti ashirin ne. In Malama Hajaru ba za ta samu ba kowane mako, a sa ta koya wa wasu yadda take yi. A sake rubuta takardar abinci da Hausa da ajami, da abincin da muke ci, a sa zuma a ciki da sunanta. Duk wanda aka gano yana da ciwon nan, a faɗa masa tun ranar farko cewa akwai gwajin wata uku, don kada ya wahalar da kansa da yunwa. Kuma a riƙa cewa masu ciwon suga su cire takalmi a duba ƙafarsu, ko ba su yi ƙorafi ba.

Ranar Laraba zan je Dundaye da sassafe in ɗauko Malam Umaru da kaina, kuma kafin nan zan tabbatar ya ci tuwonsa ranar Litinin da Talata. Za ka same mu ƙarƙashin dogon yaron nan. In ba benci, zan zo da tabarma. Abin da ba zan iya zuwa da shi ba shi ne wanda zai duba ƙafar nan ya yi masa magana ya ji. Wannan yana hannunka.

Allah shi ƙara maka lafiya da basira, shi ba ka ikon riƙe amanar da ke wuyanka. Allah shi saka wa Malama Hajaru da alheri, shi albarkaci zuriyarta. Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Naka mai godiya,
Garba mai hatsi, Minanata, Sakkwato.