Hannuna da Wayar Batir

Litinin, 7 ga Afrilu
Famfon sola ya sake tsayawa da rana tsaka. Mata sun jera bidon ɗinsu na ɗiban ruwa har bakin masallaci. Kwamiti ya ce in Juma'a ta wuce bai daidaita ba, in miƙa makulli. Shekara tara ina gadinsa. Ni da na gudu daga lekol a aji huɗu, wai ni ne gwanin inji a Kore Mairuwa.

Talata, 8 ga Afrilu
Rumaisa'u ta zo daga Yamai da ordinatarta, wato kwamfuta. Ɗiyata, injiniya. Kan uwarta ta ɗauko, hanci kaɗai ta samu wurina. Ta buɗe akwatin famfo, ta nuna mini ɗan allo da bai kai tafin hannu ba. Wai ƙwaƙwalwarsa ke cika, sai ya sandare. A ciki akwai rubutun da ke ƙirga yadda take cika, amma mai rubutun ya cakuɗa komai. Za ta warware shi ta sake jerawa, ba ƙari ba ragi. Na ce ashe gyaran rumbu ne. Ba ta yi dariya ba.

Laraba, 9 ga Afrilu
Ta gama jerawa. In ya sandare, ƙirgan zai nuna inda cutar take.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Ya sandare tana gida. Ta zo ta tarar ƙirgan ya koma sifili. Ta wuni tana bin rubutunta layi-layi, ko fura ba ta sha ba, tana cewa ita ta ɓata shi.
Ni ne. In ya tsaya, nakan zare wayar batir in mayar, sai ya tashi. Iyakar ilimina ke nan, shi nake ɓoyewa shekara tara. Ashe in wutar ta ɗauke, ƙirgan ma gogewa yake.
Gobe Juma'a. Ya Allah.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Na faɗa mata. Sai ta ce:
«Baba, yau ka sa hannu aljihu, kada ka taɓa wayar.»
Famfon ya tsaya da hantsi. Lubabatu mai waina ta ce ko makullin ne ya yi mini nauyi. Na tsaya kamar turke, gumi har gwiwa, har ɗiyata ta kwashe ƙirganta. Ta ga inda ƙwaƙwalwar take cika, ta gyara. Kwamiti ya ƙara mako guda.

Talata, 15 ga Afrilu
Kwana huɗu bai tsaya ba. Ta koma Yamai, ta bar mini kaye, ɗan littafin rubutu, in riƙa kwafe lambobin allon kowace safiya. Bakwai ɗina kamar lauje. Ta ce tana iya karantawa.