Fuskar Da Ke Ƙarƙashin Fenti

Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Albishirinka, an ba ni rumfa a baje kolin masu zane na watan gobe. Shi ne na farko a rayuwata, kuma tambayoyi sun cika min kai. Me ya sa buroshina suke buɗe baki kamar tsohuwar tsintsiya, alhali ina wanke su? Yaya ake jera zanuka a bango? Sannan ƙyallayen zane sun yanke min, sai na ɗauko tsofaffin nan da ka ba ni lokacin da ka tashi daga shagonka. Duk an shafe su da fari, na yi aiki a kai. Babu matsala ko?

Na gaya wa Umma, ta ce Allah ya taimaka, ta ci gaba da gugar kayan aikinta na asibiti. Ka san ta, har yanzu gani take zane zaman banza ne.

Taka,
Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan, muna zaman haƙuri da juna.

Buroshinki ba su da laifi, ke ce kike barin su tsaye a cikin kananzir. Ki goge fentin da tsumma, ki wanke da sabulu da ruwa mai ɗumi, ki daidaita bakin da yatsa, ki kwantar da su su bushe. Batun bango kuwa, kada ki kwaso duk abin da kika taɓa zanawa kamar mai ƙaura. Zaɓi kaɗan, ki bar fili tsakaninsu. Tsakiyar kowane zane ta zo daidai idon mutum, ba wanda zai sayi abin da ya sa masa ciwon wuya. Mafi kyawunsu ki sa shi ya fuskanci hanya. Ki tafi da guduma da ƙusoshi fiye da buƙatarki, domin maƙwabcin rumfa zai ara, ba kuma zai dawo da su ba. In mutum ya tsaya kallo, ki rufe bakinki har sai ya juyo.

Tsofaffin ƙyallayen ba su da aibu. Ki gaida uwar taki, ki bar ta da halinta.

Kawunki

*

Kawu,

Barka da war haka. Ina rubuto maka daga cikin rumfa.

Na bi maganarka, guduma ma ta tafi kamar yadda ka faɗa. Zanen da na sa gaba shi ne na matakalar gidanmu da shanya a kai. Bayan rumfar a buɗe yake, to da yamma sai rana ta bugo ƙyallen ta baya. Wata mata da ke kallo ta juyo ta tambaye ni wane ne mutumin. Na ce ai babu mutum a ciki. Ta ja ni gefenta. Kawu, ga fuska nan a ƙarƙashin matakalar, saurayi ne mai sumar kai, yana danne dariya. Da rana ta gota sai ya ɓace.

Yanzu kullum da yamma mutane taruwa suke su jira fitowarsa. Wani mai otal ya nace sai na sayar masa, na ce ya ba ni zuwa ranar rufewa. Na ƙura wa fuskar ido, wannan ba hannunka ba ne, kai ba ka jan layi da laushi haka. Wane ne shi? Wa ya zana? In sayar ko kuwa?

Ina jira,
Auta

*

Auta,

Lafiya lau muke. Na karanta takardarki na yi dariya har na ƙware.

Darasi tukuna: farin shafe mai sirara ba ya ɓoye tsohon aiki in haske ya zo ta baya. Nan gaba ki ɗaga ƙyalle a rana kafin ki taɓa shi.

Saurayin kuwa ni ne, lokacin ina da gashi. Ban san yana cikin waɗanda na ba ki ba. Wadda ta zana kuma ita ce mai gugar kayan asibiti. Tare muka koya, kuma ta fi ni nesa ba kusa ba. Ni sai na auna, ita kallo ɗaya take yi. Wata rana ta shigo shago ta shafe ayyukanta duka da fari, ta miƙo min buroshinta a ɗaure, ta fita. Na tambaye ta dalili har na gaji.

Matakalar taki ce, amma mutumin nata ne. Kafin ki amsa wa mai otal, ki je ki same ta.

Kawunki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Bakinka dai bai taɓa riƙe magana ba.

Yarinyar nan ta zo ta tsaya min a kai, sai da na bi ta. Na ga abin. Kunnenka na hagu har yau bai yi daidai ba. Nata aikin kuwa, ta iya, amma tana tsoron duhu, inuwar matakalar ta yi sanyi. Na gaya mata. Ta ce in nuna mata, na ce ni da zane ai sai labari, ta bi ni da irin kallon da kake yi.

Mun sallami mai otal, ba mu sayar ba. Dalilin da kake ta nema, ita zan fara faɗa wa, kai ka jira.

Buroshin nan da na ba ka ajiya, in ba ka lalata su ba, ka aiko min.

Ƙanwarka