Wayar Iska a Lorin Hajja Yakaka

Daga: Hajja Yakaka Harun, mai fataucin kanwa da busasshen kifi, Kasuwar Mubi

Zuwa ga: Mai Girma Di'o, Mubi

Litinin, 6 ga Fabrairu, 1961

Game da: Tsare direbana Vandi Tizhe da ƙwace injin hitar lorina a shingen hanyar Sahuda

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina kawo kukana gabanka cikin gaggawa, domin idan takardar nan ta kwana a kan tebur, mai yiwuwa gyara ya gagara.

1. Ina da tsohuwar lori, ragowar motocin soja, wadda marigayi maigidana ya saya a gwanjo. Ƙasar sanyi aka ƙera wa ita, shi ya sa take da hita a ƙarƙashin sitiyari, wato ɗan injin fanka mai hura iska mai ɗumi. Tun da muka saye ta injin a mace yake.

2. Vandi dattijo ne, yana fama da sanyin ƙashi. A watan jiya, da sanyin asuba, gwiwarsa ta sage a gangaren dutse, ya kasa taka birki, sai dai Allah ya kiyaye. Na sa Mark makanike ya tayar da hitar. Ya sake naɗa wa injin wayar tagulla, ya ɗaure shi da waya saboda maƙalinsa ya ruɓe, ya ja wata wayar zuwa batir. Ba kyan gani, kuma yana gurnani, amma yana ɗumama ƙafa.

3. Ranar Juma'a, 3 ga wata, Vandi na dawowa daga Sahuda, wani kofur ya tsayar da shi a shinge. Ya ji gurnani, ya leƙa, ya ga wayoyi, ya tambayi aikinsu. Vandi Bahigi ne, Hausarsa ta tasha ce. Ya amsa cewa wayar iska ce, yana nufin wayar da ke sa iska ta huro. Ranka ya daɗe, kalma biyun nan su ne dukkan laifinsa.

4. Nan take kofur ya sa aka fizge injin, ya shelanta cewa ya kama na'urar aika labarin ƙuri'a zuwa Garwa, can ƙetaren iyaka inda ake Faransanci. Ya kara kunne a jikinsa bayan an cire shi daga batir, ya ce wai ya ji Faransanci. Aka ɗaure tsoho da igiya, aka ratsa kasuwa da shi.

5. Ka fi ni sanin yadda gari yake, ƙuri'ar raba gardama kan ƙasar da za mu bi ta matso, kowa na kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido. Shekaranjiya an jefi gidan Vandi da duwatsu, matarsa ta kwashe yara ta gudu Gude. Shi kuwa yana kwance a kan siminti a gadurum. Da na kai masa kunu jiya, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Bai tambayi kansa ba, tambayata ya yi ko an rufe kifin da tamfol.

6. Abin da ya hana ni jira shi ne, kofur ya faɗa a gaban Mark cewa gobe Talata zai fasa injin da guduma ya fito da abin da ke magana a ciki, kafin a kai Vandi kotu ranar Alhamis. Idan aka fasa shi, da me za a nuna cewa fanka ce? Vandi ba shi da wani mai shaida sai wannan ƙarfen.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya hana a taɓa injin tun yau. A mayar da shi cikin lori a bakin kasuwa, inda aka ci mutuncin Vandi, a kunna shi kowa yana gani, kofur ya cire takalmi ya sa ƙafarsa. In Faransanci ya fito, a riƙe lorin har abada, a haɗa da ni. In ɗumi ya fito, a saki Vandi, kuma bakin da ya kira shi ɗan leƙen asiri ya wanke shi a wurin.

Allah ya ja zamaninka. Ina zaune a ƙofar ofishinka ina jiran amsa.

Mai biyayya gare ka,
Hajja Yakaka Harun